INA AKA KAI SHI? NEMAN SUNAN WANDA AKA KAMA A LITTATTAFAN HUKUMA

Jawabin da aka gabatar a taron ɗalibai 'yan asalin ƙasar Ikara da Makarfi da Kudan



An nemi in yi magana a kan wani al'amari wanda ba ya cikin manhajar kowa, amma da wuya a sami ɗalibi ɗaya a wannan zaure da ba za a tashe shi a kansa ba wata rana. Mutanenmu na gida sun ɗauka duk wanda ya taka jami'a ya iya harshen hukuma. Saboda haka ranar da aka kama wani a kasuwa, ko aka yi awon gaba da shi daga gonar rake a kan rikicin iyaka, ba lauya za a fara nema ba, kai za a aiko wa. Tambayar da za a yi maka kuwa guda ɗaya ce: ina aka kai shi? Mutumin Furana ko na Gazara ko na Likoro ba ya neman ka karanta masa falsafar shari'a. Yana so ya san ɗakin da ɗansa ya kwana, da laifin da aka rubuta masa, da ranar da zai ga alƙali. Amsar waɗannan duka tana cikin littattafai, kuma littattafan suna da masu tsaronsu.

Abu na farko da ya kamata mu fitar daga zukatanmu shi ne zaton cewa akwai wani littafi guda a hedikwatar ƙaramar hukuma, a Ikara ko Makarfi ko Hunƙuyi, inda ake rubuta duk wanda aka kama. Babu shi. Shugaban ƙaramar hukuma ba shi da ɗan sanda, ba shi da gidan yari, ba shi da kotu. Tsofaffinmu suna yin wannan zato ne domin a zamaninsu haka abin yake. A lokacin En'e, ɗan doka da alƙali da gandiroba duka bayin gida ɗaya ne, watau En'e ta Zazzau, kuma hakimi ya san wanda aka tsare a ƙasarsa tun kafin rana ta faɗi. Kalmar gidan yari ma kanta daga sarautar Yari ta samo asali, mai riƙe da kurkukun sarki. Bayan juyin mulkin 1966 gwamnatin soja ta kafa kwamiti a ƙarƙashin Alhaji Yusufu Gobir ya duba sha'anin 'yan doka da gidajen yari, kuma a ran 1 ga Afrilu 1968 Gwamnatin Tarayya ta karɓe gidajen yarin En'e. A wajejen wannan lokaci ne aka narkar da 'yan doka cikin rundunar 'yan sandan Nijeriya, aka kuma raba kotunan alƙalai da sarakuna aka mayar da su ƙarƙashin sashen shari'a na jiha. An yi haka da dalili mai ƙarfi, domin duk wanda ya san irin ɗaurin da 'yan NEPU suka sha, har da Hajiya Gambo Sawaba a nan Zariya, ya san haɗarin tara mai kamu da mai hukunci da mai ɗauri a hannu ɗaya. To amma rabuwar ta bar wa talaka wani aiki: yanzu ƙofa uku zai ƙwanƙwasa, ta 'yan sanda, da ta kotu, da ta gidan yari, kowace da nata littafi, kuma ba kullum littattafan suke gaisawa da juna ba.

Mu fara da caji ofis. A kan kanta akwai babban littafi da ake rubuta duk abin da ya faru a ofishin, da sa'ar da ya faru. Ban da shi akwai littafin ƙararraki, akwai na waɗanda aka kulle a sel, akwai kuma na kayan da aka karɓa daga hannunsu, kuɗi ne, ko waya, ko makullin babur. Wannan ba alfarma ba ce da difi'o yake yi don kirkinsa. Dokar tafiyar da shari'ar laifuffuka ta Tarayya ta 2015, a sashe na 15, ta wajabta a rubuta laifin da ake zargin mutum da shi, da ranar kamu da yadda aka yi shi, da cikakken sunansa da sana'arsa da inda yake zaune, a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa, a kuma kammala wannan aiki kafin sa'a 48 ta cika. Jihar Kaduna ta yi tata dokar a 2017 a kan wannan tafarki, sa'an nan dokar 'yan sanda ta 2020 ta sake nanata yawancin waɗannan sharuɗɗa. Dokokin nan sun ɗora wa wanda ya yi kamun nauyin sanar da dangin wanda aka kama, ba tare da an karɓi ko kwabo ba. Sun hana a kama uba ko mata ko ƙane a madadin wanda ake nema. Sun kuma hana a kulle mutum a kan bashi ko saɓa alkawarin ciniki kawai, abin da ya zama ruwan dare a lokacin kakar tumatir da ta rake, in dillali da manomi suka saɓa a kan lissafi. Sama da su duka akwai tsarin mulkin 1999, wanda sashensa na 35 ya ce a sanar da wanda aka kama dalilin kamun a rubuce cikin sa'a 24, da harshen da yake ji.

Shawarata ga wanda aka aika ita ce kada ya shiga ofishin yana daga murya yana ambaton sassan doka. Wannan yakan ƙara wa wanda ke ciki kwana ne kawai. Ka yi sallama, ka faɗi sunanka da dangantakarka da wanda kake nema, ka tambayi abu huɗu: yana nan? Wane ɗan sanda ne yake binciken maganarsa? Wane laifi aka rubuta? Wace rana da wace sa'a aka shigar da shi littafi? Ba lalle a miƙo maka littafin ka duba da idonka ba, domin akwai sunayen wasu mutane a ciki, amma babu dalilin da zai sa a ɓoye maka amsar waɗannan tambayoyi. Ka rubuta amsar nan take a takardarka, a gaban wanda ya ba ka ita, har da sunansa da igiyarsa. In an ce ba ya nan, ka tambaya ko an wuce da shi ofishin yanki a Zariya, ko sashen binciken manyan laifuffuka a Kaduna, domin in zargin ya shafi fashi ko kisa ko satar mutane, ba a cika barinsa a ofishin ƙauye ba, kuma fitar da shi ma dole a rubuta ta. Wani abin lura kuma: in 'yan banga ne suka yi kamun, ko wasu masu sintiri, to doka ba ta ba su ikon ajiye mutum ba, wajibi ne su miƙa shi ga 'yan sanda ba da ɓata lokaci ba. Kwanan da mutum ya yi a hannunsu ba ya cikin littafin kowa, kuma wannan shi ne kwana mafi haɗari.

Me ya sa na matsa a kan rana da sa'a? Domin daga nan ne agogon doka yake fara tafiya. Sashe na 35 ɗin nan ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotun da ke da ikon jin maganar a cikin kewayen kilomita 40, in babu kuwa, cikin kwana biyu, ko abin da kotu ta ga ya dace da halin da ake ciki. Ku duba taswirar ƙasarmu. Hunƙuyi tana bakin ƙofar Zariya, Makarfi da Ikara kuma garuruwan hakimai ne tun zamanin Turawa, ba dajin da alƙali bai sani ba. A kan ƙananan laifuffuka, faɗa ko satar akuya ko ɓarnar gona, uzurin nisa ba ya tsayuwa a wajenmu. Wanda ba shi da ranar kamu a rubuce kuwa, ba shi da abin da zai ƙirga kwana daga kansa.

Ƙofa ta biyu ita ce kotu. A Arewa, tun daga dokokin laifi na 1960, 'yan sanda suna shigar da ƙara ne da takardar rahoton farko, wadda ke ɗauke da sunan wanda ake tuhuma da bayanin abin da ake zarginsa da shi. Magatakardan kotu yana ba ƙarar lamba, yana shigar da ita rajista. Wannan lamba ta fi sunan mutum amfani a wajen nema, don haka in ka same ta ka riƙe ta da kyau. Ka kuma tuna tun 2001, a zamanin Gwamna Ahmed Makarfi, aka sake tsarin ƙananan kotuna a jiharmu, aka sami kotunan Shari'a da na al'adu a gurbin kotunan yanki na da, ga kuma na majistare. Saboda haka kada ka duba kotu ɗaya ka juya. Ka tambayi ɗan sanda mai gabatar da ƙara, shi ya san inda ya kai takardarsa.

A nan ne ake yin ɓatan da ya fi kowane tsawo. In laifin da ake zargi babba ne, majistare ba shi da ikon jinsa, sai Babbar Kotu. Abin da zai iya yi kawai shi ne ya ba da umurnin a tsare mutum a gidan yari, a aika da fayil ɗinsa Ma'aikatar Shari'a a Kaduna don ta ba da shawara ko akwai hujjar gurfanar da shi. Fayil ya tafi, mutum ya zauna. In aka yi wa ɗan sandan da ya yi binciken canjin wurin aiki, ko fayil ya kwanta a ƙarƙashin wasu, to sai ka ga wanda ba a taɓa karanta masa tuhuma a kotun da za ta iya yanke masa hukunci ba ya shekara, ya sake shekara. Shekaru da yawa ke nan ƙididdigar hukumar gidajen yari ta ƙasa tana nuna cewa kimanin kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare jiran shari'a suke yi. Dokar Tarayya ta 2015 ta yi ƙoƙarin toshe wannan rami, ta ce umurnin tsarewa na farko kada ya wuce kwana 14, in za a sabunta sai an kawo dalili, kuma sabuntawar tana da iyaka. Dokar jiha ita ma ta yanke nata wa'adi. Amma wa'adi ba ya tashi da kansa ya je gaban alƙali. Sai wani ya riƙe lambar ƙara da ranar umurnin, ya koma ya ce kwanaki sun cika.

Ƙofa ta uku gidan yari, wanda tun dokar 2019 ake kira gidan gyaran hali. Akwai ƙanana a Ikara da Makarfi, akwai babba a Zariya, akwai na Kaduna. A ra'ayina littafin gidan yari ya fi sauran biyun tsari, domin gandiroba ba ya karɓar mutum sai da warantin kotu, kuma safe da yamma sai ya ƙirga kawuna lissafi ya yi daidai. Ka nemi ofishin rajista ko jami'in jin daɗin fursunoni, za su gaya maka kotun da ta aiko shi da ranar da za a mayar da shi.

To amma ga wata matsala da babu dokar da ta hango ta, ita ce ta suna. A ƙauyukanmu mutum yana da sunan yanka wanda ba mai kiransa da shi sai ranar ɗaurin aurensa. Uwarsa tana ce masa Ɗanlami, abokansa suna ce masa Dogo, a kasuwa ana ce masa Mai Mazarƙwaila, shi kuwa da aka tambaye shi a kanta cikin firgici sai ya ce Muhammadu, ya haɗa da sunan kakansa da ya rene shi, ba na ubansa ba. Mai rubutun kuma wataƙila daga wata nahiyar ƙasar nan aka turo shi, bai saba da ƙ da ɗ ba, sai ya rubuta abin da kunnensa ya ba shi. Daga kanta a kwafe kuskuren zuwa takardar rahoton farko, daga can zuwa waranti, daga waranti zuwa littafin gidan yari. Kai kuma ka zo kana neman Ɗanlami, a duba a ce maka babu shi, kuma ba ƙarya aka yi maka ba. Ga mata abin ya fi tsanani, domin a wasu gidajen ko sunan matar ba a faɗa a waje, sai a ce uwar wane. Saboda haka kafin ka bar gida ka zauna da iyayensa, ka rubuta duk sunan da aka san shi da shi, da na uba da na kaka, da ƙauye da unguwa, da shekarunsa bisa kintace, da wani tabo ko aski da ke jikinsa, da ranar kasuwar da aka kama shi. In yana da katin zaɓe ko na ɗan ƙasa ka ɗauko, in akwai hotonsa a wayar wani ka karɓa. Sau da yawa ranar kamu da sunan ƙauye ne suke fito da mutum, ba sunansa ba.

In duk ƙofofin nan uku sun ƙi buɗuwa fa? Akwai hanyoyin da mutanenmu ba su san da su ba. Dokar 2015, a sashe na 33 da na 34, ta ce a ranar aiki ta ƙarshe ta kowane wata shugaban caji ofis ya kai wa majistare mafi kusa rahoton duk waɗanda aka kama ba da waranti ba, ta kuma ce majistare ya riƙa ziyartar ofisoshin 'yan sandan yankinsa aƙalla sau ɗaya a wata, yana da ikon ya kira littafin kamu ya duba, ya ba da beli, ko ya ce a kai mutum kotu. Takardar koke mai shafi ɗaya zuwa ga majistare, da suna da rana da wuri, tana iya yin abin da zaryar mako biyu ba ta yi ba. Akwai Hukumar Taimakon Shari'a ta ƙasa, wadda aka kafa tun 1976 domin waɗanda ba su da kuɗin lauya, da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta 1995. Akwai dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana 7 ta amsa takardar mai neman bayani, ko da yake ta yarda a riƙe abin da zai ɓata bincike ko ya tona sirrin wani. Daga ƙarshe akwai Babbar Kotu a Zariya, inda lauya zai iya neman a tilasta fito da mutum, kuma tsarin mulki ya ce wanda aka tsare ba bisa doka ba yana da haƙƙin diyya da neman gafara a bainar jama'a. Duk takardar da ka kai wani ofis, ka yi ta biyu, a buga maka hatimin karɓa a kan ɗaya ka koma da ita.

Wani zai ce, me ya hana mu yi kamar Amurka? Can yawancin gundumomi suna da nasu kurkuku a hannun wani jami'i da yawanci zaɓarsa ake yi, kuma a jihohi da dama sunan wanda aka kulle da hotonsa da laifin da ake zarginsa da shi suna fitowa a intanet ran nan, ko a gundumar da ba ta kai Kudan yawan jama'a ba. Amfanin wannan a fili yake, mutum ba ya ɓacewa. Amma sun ɗanɗana ɗacinsa, domin hoton yakan zauna har abada ko da kotu ta wanke mai shi, har wasu 'yan kasuwa suka mayar da cire irin waɗannan hotuna sana'a, sai an biya su. Ku auna wannan da ƙauye irin namu, inda jin cewa wane ya kwana a sel kawai ya isa ya warware baikon 'yarsa. Ni ban ga alheri a lika sunayen waɗanda ake zargi a bango ko a Facebook ba, alhali sashe na 36 na tsarin mulki ya ce mutum ba shi da laifi sai kotu ta tabbatar. Abin da muke bukata shi ne littafin ya kasance cikakke, kuma dangi da lauya da alƙali su iya isa gare shi. Wannan ne ma matsayin Majalisar Ɗinkin Duniya: ƙa'idojinta na kula da fursunoni na 1955 sun ce kowane wurin tsaro ya ajiye ɗaurarren littafi mai lambar shafi, don kada a yage wani shafi ba a gane ba, kuma aka sabunta ƙa'idojin a 2015 da sunan Nelson Mandela. Nijeriya kuma ta shiga yarjejeniyar hana ɓatar da mutane tun 2009, wadda ta ba dangi haƙƙin sanin inda ake tsare da nasu.

Ranar da aka saki mutum kowa yakan ruga gida da murna, a manta da takarda. Kuskure ne babba. Sashe na 36 ya ba wanda aka yi wa shari'a haƙƙin karɓar kwafin hukunci cikin kwana 7 da gama ta. Ka biya kuɗin da doka ta yanka, ka karɓi rasit, magatakarda ya buga hatimi ya sa hannu. Ka kuma karanta ka gane ko an sallame shi ne kawai, watau an kori ƙarar amma ana iya dawo da ita, ko kuwa an sallame shi an wanke shi, wanda ba za a sake tuhumarsa a kan wannan laifi ba. Bayan shekara goma, ranar da zai nemi aikin gwamnati, ko takardar shaidar hali daga 'yan sanda don fita waje, ko ya tsaya takarar kansila abokin hamayya ya tono maganar, wannan takarda ce kaɗai za ta yi magana a madadinsa. Rajistar kotun ƙauye kuwa, tsakanin gara da yoyon damina da ƙaurar ofis, ba abin dogaro ba ce har tsawon wannan lokaci.

Ga 'yan'uwanmu masu karatun tarihi da shari'a da ke neman abin da za su rubuta kundin digiri a kai, ga fage nan ba a nome shi ba. A Gidan Adana Takardun Tarihi na ƙasa da ke Kaduna akwai fayilolin Lardin Zazzau, cikinsu har da rahotannin gundumomi da na rangadin Di'o, wanda aikinsa ne ya duba littafin alƙali da na kurkuku ya sa hannu. Akwai kuma Gidan Arewa na Jami'ar Ahmadu Bello. Littattafan alƙalai na farkon zamanin Turawa da Larabci aka rubuta su, don haka wanda ya yi makarantar allo da ta ilmi ya fi ɗan boko zalla sa'a a nan. Wani Bature masani, Allan Christelow, ya fassara hukunce-hukuncen majalisar Sarkin Kano Abbas na 1913 da 1914 ya buga su a 1994, kuma daga cikinsu aka ga yadda talakan Kano yake kai ƙara a kan gona da gado da rauni. Wanda zai je Kaduna neman irin wannan na ƙasarmu ya tafi da takardar gabatarwa daga sashensa, ya kuma nemi fayil da sunan tsohuwar gunduma, Ikara ko Makarfi ko Paki ko Kudan, domin Turawa da sunan gundumar hakimi suka jera takardunsu, ba da sunan ƙaramar hukumar da aka ƙirƙiro daga 1976 zuwa yau ba.